Gaisuwar Masu Gari: Abin Da Ya Kamata Kowane Mazaunin Asata Ya Iya Da Harshen Ibo

Wannan shi ne jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a taron ƙungiya. An buga shi don amfanin waɗanda ba su samu halarta ba.



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci mutane Ya kuma bambanta harsunansu da launin jikinsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, sallallahu alaihi wa sallam, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma Sarkin Hausawa da 'yan majalisarsa, Allah Ya ja zamaninku. Malamanmu, Allah Ya gafarta muku, Ya ƙara ilimi mai amfani. Shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu mata, samarinmu, da 'yan'uwanmu da suka taso takanas daga Anacha da Fatakwal, barkanku da zuwa, sannunku da hanya.

Bayan haka, an ɗora mana nauyin mu ce wani abu a kan gaisuwa da gabatar da kai da harshen Ibo, musamman saboda sababbin zuwa da kullum motoci ke saukewa a garin nan. Mu dai ba malaman harshe ba ne, 'yan kasuwa ne, abin da za mu faɗa a bakin rumfa da cikin tasha muka tsince shi. Amma maganarmu guda ɗaya ce: duk wanda yake cin abinci a garin nan, yake shan ruwansa, yake kwana lafiya a cikinsa, to bashi ne a kansa ya iya gaida masu garin da harshensu. Ba mu ce kowa ya zama tafinta ba. Mun ce gaisuwa, da faɗin suna, da ban haƙuri, da godiya.

Me ya sa muka damu?

Jama'a, zamanmu a nan ba na jiya ba ne. An gano kwal a wannan yanki a 1909, hanyar jirgin ƙasa daga Inugu zuwa Fatakwal ta kammala a 1916, gadar Makurɗi kuma aka buɗe ta a 1932. Ta hanyar dogo da hanyar shanu kakanninmu suka riƙa gangarowa da dabbobi da wake da albasa, suna komawa da manja. Har ta kai a shekarun 1950 mutanen Inugu suka zaɓi Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan Sifawa ta ƙasar Sakkwato, mai fataucin shanu, ɗan jam'iyyar NCNC, ya zama magajin garin Inugu na farko. Ku duba fa, garin da mafi yawan mazaunansa Ibo ne, su ne suka ɗora ɗan Arewa a kan kujerar.

Sannan kowa ya san abin da ya biyo baya. Kashe-kashen 1966 a Arewa, waɗanda suka koro dubban Ibo gida, mutanenmu ma suka bar nan, sai yaƙin basasa daga Yulin 1967 zuwa Janairun 1970. Bayan yaƙi aka dawo aka sake gina zama daga tushe. Wannan ya isa ya nuna mana cewa amana tsakanin baƙo da mai gari abu ne mai wuyar ginawa, mai saurin rushewa. Gaisuwa ba laya ba ce, ba za mu ce tana hana kowace fitina ba. Amma ranar da hankali ya tashi, maƙwabcin da kuka saba cewa da juna "ina kwana" shi ne mai buɗe maka ƙofa, shi ne kuma mai cewa da 'yan'uwansa, "Wannan na san shi."

Kuma mu dubi Sabon Gari ta Kano, ko ta Zariya. Ɗan kasuwar Ibo da ke can zai yi ciniki da kai da Hausa, ya yi maka rantsuwa da Hausa, har karin magana ya jefo maka. Dokta Nnamdi Azikiwe ma, a Zungeru aka haife shi a 1904, kuma da Hausa ya tashi kafin a kawo shi Anacha. To don me za a samu mutum a cikinmu ya shekara ashirin a Asata, ban da "ego ole" bai san komai ba?

Abin da muka karanta a Islamiyya

Wasu kan ce, ai mu Musulmi ne, sallama ta ishe mu. Malamanmu ga su nan zaune, su ne masu fatawa, mu abin da aka karantar da mu kawai za mu tuna. A cikin Suratul Hujurati, aya ta 13, Allah Ya bayyana cewa hikimar rarraba mutane dangi-dangi da ƙabila-ƙabila ita ce su san juna. Ta yaya za ka san mutumin da ba ka iya tambayar sunansa ba? Ya kuma zo a ruwaya cewa Manzon Allah ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa saboda wasiƙu, ya kuwa koya cikin kusan rabin wata. Haka nan akwai ruwayar wata yarinya, Ummu Khalid, wadda aka haifa a Habasha, da Annabi ya ba ta tufa ya yaba mata da kalmar Habashanci, wato harshen da ta tashi tana ji. Sallama tana nan a matsayinta tsakanin Musulmi. Amma tambayar lafiyar maƙwabci da yi masa jaje mu'amala ce, kuma haƙƙin maƙwabtaka bai tsaya ga Musulmi kaɗai ba.

Kada ma mu manta akwai Ibo Musulmi, a ƙasar Nsukka kamar Ibagwa da Enugu-Ezike, da kuma Enohia ta Afikpo, inda Shehu Ibrahim Nwagui ya yi da'awa tun ƙarshen shekarun 1950. Muna haɗa sahu da su a masallaci. In an idar da salla aka gaisa, ka ƙara masa da kalma biyu ta harshen uwarsa, ka ga yadda fuskarsa za ta washe.

Gaisuwar farko

To bari mu shiga karatun. Kalmar da ta fi kowace sauƙi ita ce Kedu, wato "yaya?" ko "ƙaƙa?" In an tsawaita a ce Kedu ka i mere?, wato "yaya kake?" Amsa ita ce O di mma, "lafiya lau", ko Adi m mma, "ina lafiya". In ka amsa kada ka tsaya nan, sai ka mayar da tambaya: Gi kwanu?, wato "kai fa?" A nan cikin gari za ku yawan jin Kee kwanu?, duk tafiyar ɗaya ce.

Sai Ndewo. Wannan ita ce "sannu" ta girmamawa, ana yi wa babba ita, ana yin ta kowane lokaci. In mutane suna da yawa, kamar ka iske dattawa zaune a ƙofar gida, sai ka ƙara nu a ƙarshe: Ndewo nu, wato "sannunku". Wannan nu ɗin ku riƙe ta da kyau, domin ita ce ke mayar da gaisuwar mutum ɗaya ta zama ta jama'a. Idan baƙo ya zo rumfarka ko gidanka, Nnoo za ka ce, wato "maraba" ko "sannu da zuwa". In suna da yawa, Nnoo nu.

Da safe ana cewa I boola chi?, ma'ana "ka wayi gari?", daidai da "ina kwana" tamu. Ka amsa da Ee, ka mayar masa. Akwai kuma Ututu oma, wadda 'yan makaranta da gidajen rediyo suka fi yi, fassarar gaisuwar Turawa ce. Tsofaffi sun fi jin daɗin ta farkon. Da dare in za a rabu sai a ce Ka chi fo, wato "Allah Ya kai mu safiya" a wurinmu, amma kalma da kalma cewa take "bari gari ya waye". A nan akwai abin da ya kamata mu warware, don mun ji wasu suna ɗar-ɗar. Gaskiya ne kalmar chi tana zuwa a sunayen abin bautarsu, kamar Chukwu da Chineke, waɗanda Kiristocinsu ke kiran Ubangiji da su. Amma a cikin waɗannan gaisuwa biyu, chi na nufin hasken gari ne, wato wayewarsa. Ba kiran wani abin bauta kake yi ba.

Wanda ka iske yana aiki, mu "sannu da aiki" muke cewa, su kuwa Jisie ike, wato "ƙara ƙoƙari", ko Daalu oru, "sannu da aiki". Sallamar tafiya ita ce Ka o di, ko Ka emesia, "sai an jima". Matafiyi kuma a ce masa Ije oma, "a sauka lafiya".

Kalmomi uku masu kashe wuta

In sabon zuwa ba zai iya riƙe komai ba, to ya riƙe waɗannan ukun. Ta farko Biko, wato "don Allah" ko "ina roƙo". Ta biyu Daalu ko Imeela, wato "na gode". Ta uku Ndo, wato "sannu" ta jaje da ban haƙuri. Wani ya yi tuntuɓe, ndo. Mara lafiya, ndo. An yi wa maƙwabci rasuwa, ka je ka ce ndo, in dangi suna zaune ka ce ndo nu.

Ku tambayi duk mai tura baro a Ogbete, ko mai ɗaukar kaya a babbar kasuwar Anacha. Rigimar kasuwa ba daga babban abu take farawa ba. Baro ya goge wa mace zane, ko buhu ya ture tiren wani. Yaron da ya tsaya ya ce "Ndo, biko, ndo nne," magana ta mutu nan take. Wanda kuwa ya yi shiru ya wuce, ko da tsoro ne ya hana shi magana, za a ɗauka raini ne, kafin ka ankara mutane sun taru. Baki shi ke yanka wuya, shi ne kuma ke ceton sa.

Yadda za ka gabatar da kanka

In za ka faɗi sunanka, Aha m bu, sai ka saka sunan. Aha m bu Musa, "sunana Musa". Tambayar sunan wani kuwa, Kedu aha gi? ko Gini bu aha gi? Za a tambaye ka Onye ebee ka i bu?, wato "kai mutumin ina ne?" Sai ka ce Abu m onye Kano, ko onye Katsina, ko onye Awusa, wato Bahaushe. Inda kake zaune: Ebi m n'Asata, "a Asata nake zaune". Wannan jimla tana da amfani ƙwarai, domin tana nuna kai ba mai wucewa ba ne, kana da gida da maƙwabta da wanda ya san ka.

Da zarar ka yi gaisuwa ɗaya daidai, za su yi dariya su ce I na-anu Igbo?, "kana jin Ibo?" Amsa ita ce Obere obere, "kaɗan-kaɗan", ko Ana m amu Igbo, "ina koyo ne". Daga ranar ka samu malami kyauta, don babu wanda ba ya son a koyi harshensa.

Su ma kamar mu, sukan sa wa yaro sunan ranar da aka haife shi. Makonsu na gargajiya kwana 4 ne, kuma ranakun kasuwa ne: Eke, Orie, Afo, Nkwo. Daga nan Okeke da Okorie da Okafor da Nwankwo suka fito, kamar yadda muke da Ɗanladi da Ɗanjuma da Talatu da Asabe. Ka ce da abokin cinikinka Okafor, "Ashe ran Afo aka haifi mai sunan nan," ka gaya masa naka, kun samu hira.

A bakin ciniki kuma: Kedu maka ahia?, "ya kasuwa?" Kedu maka umuaka?, "ya yara?" Amsa, Ha di mma, "suna lafiya". Ego ole?, "nawa?" Gini ka i choro?, "me kake so?" Gyara kuwa mmezi suke cewa, ko da yake da yawa jara suke kira, wadda daga bakinmu ta fito. Ba ita kaɗai ba. Shinkafa osikapa suke ce mata, albasa yabasi, goronmu gworo. Kun ga kenan cinikin kakanninmu ya bar sawu a harshensu.

Girmamawa

Mu Hausawa mukan ce wa babba "ku". Su ba haka suke ba, i ko gi ake ce wa yaro da babba, ba raini ba ne. Girmamawarsu tana cikin laƙabin da ka kira mutum da shi. Dattijo Nna anyi, "babanmu". Dattijuwa Nne, ko Mama. Magidanci Mazi, kamar "Malam" a wurinmu. Tsara Nwanne m, "ɗan'uwana". A wajen Owerri da Umuahia ana ce wa yaya namiji Dee, mace Daa. Sarkin gari Igwe ne ko Eze, na Anacha kuma Obi, wanda Igwe Nnaemeka Achebe ya hau kujerarsa a 2002. In ka ga dattijo da jar hula, mai sarauta ne, ka tambayi laƙabinsa ka kira shi da shi.

Ƙarami ke fara gaida babba, kamar dai a gida. Ba su da al'adar tsugunawa irin tamu, hannu suke bayarwa, ƙarami ya ɗan rusuna. Miƙa abu ko karɓa da hagu abin ƙi ne a wurinsu kamar yadda yake a wurinmu. Matansu kan miƙo hannu. Wanda ba ya musafaha da mata, ya ɗora hannu a ƙirji, ya saki fuska, ya ce Ndewo, nne. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Fizge hannu da ɗaure fuska shi ke jawo a ce muna ƙyamar mutane.

Sai goro. Nasu oji suke kiransa, ba irin namu mai tsaga biyu ba ne, nasu kan yi uku, huɗu ko fiye. In ka je gidan mutum ya fito maka da oji, karɓa ce mafi girma. Kada ka ɗauka ka fasa. Ana nuna wa baƙi shi, a taɓa faranti, sannan babba ya yi jawabi ya fasa. Suna da zancen cewa goro ba ya jin Turanci, wato da Ibo ake yi masa magana. Ka zauna da natsuwa. In an shiga addu'ar da ba ta dace da aƙidarka ba, shirunka ya isa, in aka miƙo ka ce daalu.

Kowane gari da bakinsa

Kamar yadda Sakkwatanci ya bambanta da Kananci, haka Ibo yake, har ma ya fi. Abin da muka kawo a sama shi ne daidaitaccen Ibo, wanda suke kira Igbo Izugbe, na makaranta da rediyo, kuma ko'ina za a gane. Amma a Anacha, inda wasu ke sa h su f suke sawa, r kuma ta koma l. Suna afa ne, kasuwa afia, "yaya kake" kuma Kedu ka i melu? A nan Inugu ma afia ake cewa, ga kasuwar Afia Nine a Obiagu shaida. In ka nufi Nsukka da ƙauyukan jihar nan za ka ji Deje, gaisuwa da maraba, da Deeme, godiya. A Afikpo Jokwa. 'Yan'uwanmu na Fatakwal kuwa su yi hattara. Masu ƙasa a can Ikwerre ne, ga Okrika, ga Kalabari, ga Ogoni, kuma da yawa daga cikin Ikwerre ba sa son a kira su Ibo. Godiyarsu Meka ce. Kafin ka gaida mutum da Ibo a Diobu, ka san ko shi wane ne.

Akwai kalma ɗaya da dole mu ja kunnen samari a kanta. Mutanen wannan yanki suna kiran kansu Ndi Wawa, saboda a karin harshensu "a'a" wa ce, alhali sauran Ibo mba suke cewa. Suna alfahari da sunan, da shi suka yi fafutukar neman jiha har aka ƙirƙiro Jihar Inugu a 1991. Kun san abin da kalmar ke nufi da Hausa. To in mutum ya buga ƙirji ya ce shi ɗan Wawa ne, kada a ga haƙoranku. Dacewar sauti ce kawai, babu dangantaka.

Kuma harshensu, kamar namu, yana da hawa da saukar murya. Mu muna da wuya ta jiki da wuya ta wahala, da kuka na hawaye da kuka ta miya. Su ma akwa, gwargwadon yadda ka ja ta, tana iya zama tufa, ko ƙwai, ko gado, ko kuka. Rubutunsu na yanzu, wanda aka daidaita a 1961, yana da wasula 8, wasu da ɗigo a ƙasa, ga kuma gb da kp da babu su a Hausa. Don haka takarda ba za ta koya maka lafazi ba. Ka saurari maƙwabci, ka maimaita, ya gyara maka. Matambayi ba ya ɓata.

Sunan da muke kiran juna

Ba ma jin daɗi in yaro ya daka mana tsawa da "aboki", kalma mai kyau da aka mayar ta raini. To su ma ba sa jin daɗin "Inyamuri". Abin da aka fi faɗa shi ne daga nye m mmiri ta samo asali, wato "ba ni ruwa". Mu bar ta. Sunansu Igbo, jama'arsu Ndi Igbo. Abin takaici ne kuma cewa cikin kalmomin Hausa da yaran gari suka fi iyawa akwai zagi, don shi suka fi ji a tasha. In muna so a daina kiranmu da tsawa, mu ne za mu fara: ka faɗi sunanka, ka tambayi nasa, gobe ka kira shi da shi.

Ko a wajen ƙasar nan haka abin yake

Wannan ƙa'ida ba ta ƙasar Ibo kaɗai ba ce, kuma tunda yanzu mutanenmu suna zuwa Indiya neman magani ko harkar kayan keke da babur, bari mu ba da misali ɗaya. Da yawa Chennai ake zuwa, garin da ake kira Madras kafin 1996, inda asibitin Apollo ya fara a 1983, kuma can ne hedikwatar kamfanin TVS mai yin keken da ke yawo a garuruwanmu. Bahaushe ya tashi da kallon fim ɗin Indiya, yana ganin in ya ce namaste ya gama. Alhali abin da muke kira Indiyanci harshen Hindi ne, na arewacin ƙasar. Mutanen jihar Tamil Nadu harshensu Tamil, masu magana da shi sun haura miliyan 70, kuma yana cikin harsunan hukuma a Siri Lanka da Singafo. A 1965 har zanga-zanga suka yi, aka rasa rayuka, don ƙin a ɗora musu Hindi.

Gaisuwarsu Vanakkam ce, safe da yamma. Godiya Nandri. "Yaya kuke?" Eppadi irukkinga?, amsa Nalla irukken. "Sunana" En peyar, "yaya sunanku?" Ungal peyar enna? Su kam kamar mu suke, nii ta yaro ce da tsara, babba niingal ake ce masa, wato "ku". Dattijo Ayya, dattijuwa Amma, yaya namiji Anna, mace Akka. Sukan tambaye ka Saaptingala?, "kun ci abinci?", gaisuwa ce ta kulawa. In za su tafi ba sa son cewa "na tafi" kawai, sai Poyittu varen, wato "zan je in dawo". Musulminsu kuwa sallama suke yi kamar kowa. Kun ga darasin ɗaya ne da na Diobu: ka san ƙasar wa kake takawa, ka gaishe shi da nasa, ba da na maƙwabcinsa ba.

Shawarwarinmu ga ƙungiya

Na farko, duk maigidan da ya karɓi sabon yaro daga gida, mai shayi ne, mai nama ne, mai gyaran takalmi ne, kada ya sake shi cikin gari sai ya haddace kedu, ndewo, biko, ndo, daalu, da faɗin sunansa da inda yake kwana. Kwana uku sun isa. Wannan amana ce a wuyan maigida, don shi iyayen yaron suka sani.

Na biyu, muna roƙon malaman Islamiyya su ba mu minti goma bayan an tashi, sau ɗaya a mako, a koya wa manya jimla biyar-biyar. Malaman ma muna da su a gida: 'ya'yanmu da aka haifa a nan, waɗanda ke jin Ibo kamar masu gari. Babba ya zauna gaban ɗansa ya koya ba abin kunya ba ne, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Su kuma yaran mu tsare musu Hausarsu da karatunsu na addini a cikin gida, kada a gyara gaba baya ta lalace.

Na uku, iyayenmu mata, ku ne kuke haɗuwa da matan gari a bakin famfo da asibiti da wurin awo. Nnoo ɗaya da ndo ɗaya daga bakinku sun fi taron sulhu goma da maza za su yi bayan an ɓata.

Na huɗu, in an yi rasuwa ko haihuwa a gidan mai gidan haya ko maƙwabcin rumfa, ƙungiya ta tura wakilai, kuma a cikinsu a samu wanda zai yi magana da Ibo, ko da jimla uku ce. Haka muke fata 'yan'uwa na Anacha da Fatakwal za su kai wannan magana ga jama'arsu.

Jama'a, neman halal ne ya fito da mu daga gida, kuma zama lafiya ya fi zama ɗan sarki. Abin da muka faɗa daidai daga Allah ne, malamai da waɗanda suka fi mu jin harshen kuma su cike mana sauran. Allah Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu, Ya shirya mana zuriya, Ya ba ƙasarmu Nijeriya zaman lafiya mai ɗorewa. Waɗanda suka zo daga nesa Allah Ya mayar da ku gida lafiya, ije oma.